Juyen da Aka Yi wa Ɗana a Hanyar Azare

Zuwa ga Shugaban Direbobin tashar da muke hawa mota a Wudil,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya sa ana lodi lafiya, ana saukewa lafiya.

Ni malamar firamare ce a Kausani, mahaifiyar Mubarak, yaron nan ɗan shekara tara da ya zame muku ɗan gida kwanakin baya. Yana da lalurar da likitoci ke kira otizim. Maganarsa kaɗan ce, ba ya son hayaniya, kuma duk abin da ya zo masa ba shiri tashin hankali ne a wurinsa. Kakarsa, wato mahaifiyata, tana Azare, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. In ba mu kai shi ba, ba za ta gan shi ba.

Na farko, godiya. Da hutun makaranta ya gabato, ni da babansa muka riƙa kawo shi tasha ranar Asabar don ya saba. Direbanku Malam Sale, mai shuɗiyar mota, ya bar shi yana zama jikin taga a bayan kujerarsa, mota a kashe. Daga baya har yakan zagaya da mu gada mu dawo, rediyo a rufe ba mu roƙa ba. 'Yan kamasho suka sa masa Alhaji Mai Kujera, masu talla suka daina cusa masa kaya ta taga. Ban taɓa zaton mutanen da ihu ne sana'arsu za su sassauta murya saboda ɗana ba. Wallahi abin ya faranta mini rai, har yau ina ba da labari.

Na biyu, ƙorafina. Ranar tafiya mun kama kujerun bayan Malam Sale gaba ɗaya, muka tambaya ko motar har Azare za ta, aka ce har ƙofar gida in muna so. Mubarak ya zauna lafiya lau, yana kallon gonaki yana 'yar waƙarsa. Muna isa Shuwarin sauran fasinjoji suka sauka, sai Malam Sale ya ce juye zai yi, wata mota ta ƙarasa da mu. Har zaɓo mana sabuwa dal ya yi, a ganinsa gata ya yi mana.

Mubarak bai san sabuwa ba, shuɗiya ya sani. Ya kwanta a ƙasa, ya toshe kunnuwa, yana buga kai. Jama'a suka yi mana zobe. Mai tofi na tofi, mai cewa aljanu ne na faɗa, wani dattijo kuma ya ba da shawarar bulala. Ita sabuwar motar ta gaji da jira ta wuce, Malam Sale kuma ya riga ya yi lodin Wudil. A shuɗiyar motar, kan kujerarsa ta jikin taga, muka dawo da yaron gida. Tuwon da kakarsa ta sa aka tuƙa masa, maƙwabta ne suka ci.

Na uku, buƙatata. Ban ce a hana juye ba, na san tsadar mai. Ban kuma nemi a hukunta Malam Sale ba. Har gida ya zo ba da haƙuri, ga shi ya lallaɓa yaron, da tun ranar yake gudun motar, ya sake shigarta, mun koma zagayen Asabar ɗinmu. Abin da nake roƙo, in mota ba za ta kai ba, a faɗa tun wurin lodi. A kuma yarje wa Malam Sale ya ɗauke mu a hutun nan mai zuwa ko da layinsa bai zo ba, ya kai mu Azare ba sauka. Sannan a wurin taronku a sanar da direbobi cewa irin waɗannan yara suna nan da yawa a cikin gidaje, tsoron hanya ne ya sa ba ku ganinsu.

Mahaifiyata ta ce kada mu takura masa, ita ta haƙura, muryarsa a waya ta ishe ta. Ta san kuwa ba ya magana a waya, numfashinsa kawai take saurara. Ni ban haƙura ba, Ranka ya daɗe. Ina so ta dafa kansa da hannunta tun tana da rai.

Allah ya tsare motocinku, ya ƙara maka lafiya da adalci, ya saka wa Malam Sale da alheri.

Wassalam.

Maman Mubarak,
Kausani.