Ƙwan Zabin da Na Kai wa Alƙalin Wasa

Hajiya Batula, don Allah ki taimake ni da shawara, na yi ɓarna da hannuna. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haifi biyar na shiga ajin manya a nan Kurfi.

'Yata ta uku, Mubina, tana sakandare a Dutsin-Ma, tana buga wa makarantarsu ƙwallon kwando. Babanta bai so ba, ni na tsaya mata. A gasar makarantu ta bana sun kai wasan kusa da na ƙarshe, wanda in aka ci ku kun fita. Da na ji Malam Dickson ne zai busa usur sai na yi murna, domin matarsa, Malama Zipporah, ita ta koya mini riƙe alƙalami. Ban taɓa zuwa wurinsu hannu rabbana ba. Damina ce, sai na sayi ƙwan zabi na tafi da shi. Motarmu ta makara, ban samu biyawa gidansu ba, na miƙa masa a bakin fili, gaban malaman makarantun biyu. Ya sa hannuwansa a baya, ya ƙi karɓa, bai ma amsa gaisuwata sosai ba. Na koma na zauna da kwanona a cinya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka fara wasa. Abu kaɗan sai usur, ya nuna Mubina. Ashe laifi biyar ke fitar da mutum, ni ban sani ba. Saura minti biyu ya busa na biyar, ta fita tana kuka, aka ci su da maki uku.

Da zafina na rubuta wa kwamitin gasar takarda. Na ce ya zalunci 'yata don ya nuna wa mutane ƙwaina bai saye shi ba. Su kuwa maganar ƙwan suka kama. Sun dakatar da shi sai an bincika ko ya saba karɓar kaya daga iyaye, ga wasan ƙarshe da aka ba shi saura kwana tara. Mubina ta ce huɗun farko duk gaskiyarsa ce, na biyar ɗin kawai take tantama. Malama Zipporah ta gan ni a kasuwa, ta gaishe ni kamar kullum ba ta ɗauko maganar ba, wannan ya fi zagi ciwo. Amma har yanzu zuciyata na cewa na biyar ɗin nan bai yi daidai ba. In janye, ko in tsaya wa 'yata?

Uwar 'yar ƙwallo, Kurfi

AMSA

'Yar'uwa, rubutunki ya fita sarai, kuma tsaraba ba laifi ba ce. Wurin da kika miƙa ta ne ya ɓata ta. Alƙali ko na wasa ne, ranar hukunci ba ya karɓar ko goro daga mai ɗa a fili. Da ya karɓa, duk usur ɗin da ya busa wa ɗaya makarantar da an ce ƙwai ne ya busa. Ƙin da ya yi ya kare Mubina ma.

Ban ce tantamarki banza ce ba. Mai yiwuwa ya yi kuskure a na biyar. Mai yiwuwa ma idon jama'a ya sa ya tsananta mata bai sani ba, mutum ne. Sai dai kuskuren ido daban, cin amana daban, takardarki kuwa zargin na biyun ta jawo masa. Makin nan uku ba za su dawo ba. Sunan mutumin ne ake iya cetowa, kuma kwana tara ba yawa.

Kada ki aika wata takarda ta zauna a tebur. Gobe ki shiga motar Dutsin-Ma, ki tsaya gaban kwamitin da bakinki. Ki faɗa musu tsakaninki da matarsa, da cewa bai roƙa ba, bai karɓa ba. Ba sai kin ce na biyar ɗin daidai ne ba, ki ce ba ki da shaida kan niyyarsa. In sun sallame ki, ki wuce gidansu ki ba shi haƙuri gaban matarsa, ko da ba su sake miki fuska ran nan ba. Mubina kuma ki bar ta da kocinsu, shi ya san yadda za ta riƙa tare abokiyar karawa ba tare da an busa mata ba.

Allah ya sanyaya zukata, ya mayar wa Malam Dickson usur ɗinsa, ya ba Mubina sa'ar baɗi.

Hajiya Batula