Wadda Ba Ta Walƙiya

Assalamu alaikum Auta. Ya aiki, ya Rabi da yara? Mu nan Gafasa lafiya lau.

Malama Hajara, mai rubuta mini, ta nuna mini hoton ƙananan kyamarori biyun da ka turo, wai in zaɓa. Ni tsoro nake ji. Tun da mai hoto ya haska wa babanku wuta a kasuwar Gaya, yana dariya da sabuwar hularsa, bai ƙara sati a duniya ba. Na san ajali ne, zuciyata ce ta ƙi. Hoton ma ya koɗe, hular kawai ake gani.

Ka sayi baƙar, an ce ana kashe wutarta. Ka zo ka ɗauke ni hoto, jikokina su san fuskata.

Gaida kowa, ku sa ni a addu'a.

Innarka.