Abin da Ke Shanye Batirin Gwaggo

Baban Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙirjin? Ina fatan tarin ya lafa, kana samun barci. Mu nan lafiya lau, 'yan biyu na gaishe ka, kullum sai sun tambayi ranar dawowarka. Tunda likita ya hana ka doguwar magana a waya, ga takarda nan ta hannun ƙaninka Auta.

Na ji daɗi da aka ce za a sallame ka daga asibiti ƙarshen mako. Na kuma ji saƙonka cewa ba za ka shiga motar haya da wannan ƙirjin ba, sai a zo da tsohuwar a-kori-kurarka, wadda yara ke kira Gwaggo. To, Gwaggo ta ƙi tashi. In na murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban sitiyari su yi ja su dushe, shi ke nan. Auta ya ce batir ne, ya kai shi caji. Ta tashi har muna murna, gari na wayewa ta koma gidan jiya.

Amma Baban Biyu, tir da gyaranka! Da muka ɗaga bonet sai da na toshe baki. Kan batir ya yi gansakuka, ka buga masa ƙusa, ka naɗe da tsumma. Cikin motar kuwa kada ka so ka gani: ledojin alewar minti, kwalaben turare da suka ƙare, wani wari mai hawa kai. Kai da ke yi mini faɗa in ka ga ƙura a kan tebur, a nan kake zama kullum da yamma kana ɗumama inji? Ni ma ina ɗumamawa yadda kake yi don kada batir ya mutu, amma bai hana shi mutuwa ba.

Wannan likitan naka kuwa har yanzu haushinsa nake ji. Wai huhunka na mai shan taba ne, kuma a gaban mutane! Ban yi nadamar wanke shi tas da na yi ba. Ni ce shaida, tun ranar da na haifi 'yan biyu ka rantse ka bari, da hannuna na cisge abin kunna tabar motar nan na jefa a masai. Ka sha maganinka ka rabu da shi.

Taka har kullum,
Maman Biyu

Baban Biyu,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Auta ya ce ka ɗan ci abinci, Allah ya ƙara sauƙi.

Na karanta amsarka. Ka ce kada a kira mai wayarin, mai gyaran wayoyin wutar mota, kada kowa ya taɓa maka cikin mota, a tura ta kawai. To mun tura, ranka ya daɗe. Ni a sitiyari, Auta da maƙwabcinmu tela da mai shagon kan kwana a baya, har takalmin tela ya tsinke. Ta tashi da baƙin hayaƙi, na zagaya da ita don batir ya cika, muna isa mahaɗar kasuwa ta mutu murus. Motoci na ta danna mini hon, wani direban tifa ya leƙo yana tambaya ko a gidan tarihi na aro ta. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Dole na kira makaniki. Ya ce kik ne, abin da ke tada inji, ya kwanta a ƙasa ya yi ta dukansa da sifana kamar sun yi faɗa. Ya kwance, ya wanke, ya mayar, babu abin da ya canza. Ya auna altaneta, tana caji lafiya. Can ya kashe komai, ya zare makulli, ya taɓa waya a kan batir, sai ga tartsatsi. Ya ce akwai abin da ke shan wuta a ɓoye ko da mota na ajiye, kuma nemo shi aikin mai wayarin ne.

Ka yi haƙuri, wannan karon ba zan bi maganarka ba. Ba zan ɗauko ka a motar da sai an tura ba. In ta mutu a hanya tari ya sarƙe ka, wa zan kira? Tsoro nake ji, gaskiya. Gobe mai wayarin zai zo.

Taka,
Maman Biyu

Baban Biyu,

Ina gaisuwa, ya jiki. Yara lafiya.

Gwaggo ta warke. Murɗawa ɗaya take tashi yanzu.

Mai wayarin ya zo da 'yar fitilarsa ta gwaji. Ya cire fiyus ɗaya bayan ɗaya, fitilar ba ta mutu ba. Ya ce to ɓarawon bai bi ta fiyus ba ke nan. Ya share dattin kan batir, ya warware tsumman nan naka, sai ga wata siririyar jar waya sabuwa fil, wadda ba ta cikin wayoyin mota. Ya bi ta, ta ratsa ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, ta shige ƙasan kujerar direba. Muka kwance kujerar.

Abin kunna taba ne, Baban Biyu. Ka ɗaure shi da roba a jikin ƙarfen kujera, inda hannu zai kai, ido ba zai gani ba. Tsabar dannawa ta sa ya maƙale, yana ta zuƙar batir, har soson kujerar ya fara ƙonewa. A kan kujerar nan kake ɗora 'yan biyu su yi wasa da sitiyari! Gefensa ga gwangwanin madara cike da guntayen taba, ruwa ya shiga sun jiƙe sun yi baƙi. Da na ɗaga shi ƙasansa ya ɓule, abin ya zubo mini a hannu. Na yi amai a nan bakin ƙofa. Mai wayarin, Allah ya yi masa albarka, ya sunkuyar da kai ya yanke wayar.

Ashe ɗumama injin ke nan. Ni kuma sakarai ina hana yara fita don kada su dame ka, har shayi nake aiko maka. Minti da turaren ma yanzu na gane aikinsu. Kana kwance da robar iska a hanci, ka ji ni ina rantsuwa a kanka, ina ɗaga wa likita murya, ka rufe ido ka yi shiru. Da ka samu ƙarfin riƙe biro kuma, abin da ka fara rubutawa shi ne kada a taɓa maka mota. Ƙyamar abin nake ji har cikin raina, na wanke hannuna da sabulu ya fi a ƙirga, warin bai tafi ba.

Zan zo ɗaukarka, kada ka yi tunanin ba zan zo ba. Amma kafin in shigo ɗakinka ofishin likita zan fara zuwa, in ba shi haƙuri, in faɗa masa gaskiya, don ya san huhun da yake yi wa magani. Sauran kuma kai za ka faɗa masa da bakinka, ina tsaye.

Makulli ya zama nawa. Duk yammar da kake son ɗumama inji, ni da 'yan biyu za mu shigo mu zauna tare da kai. Ka ji haushina in ka ga dama. Kai na aura, Baban Biyu, kuma ban shirya cin gadon a-kori-kura ba.

Matarka,
Maman Biyu