Lasisin Lubna da Idon Malam

Zuwa ga ƙanena Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya can Afirka ta Kudu. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi. Mu nan Dutsin-Ma sai godiya. Damina ta yi kyau, geron ƙauyen Rawayau har ya fitar da kai. Sakinatu ma ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Ja'afar.

Maganar 'yarka Lubna ce ta sa na rubuto. Tun da ta dawo daga wurinka da lasisin tuƙin ƙaramin jirgi, ba ta da zance sai na ɗaukar babanta sama. Idon baban nata kuwa, maigidana Malam Rabo, kullum ƙara dushewa yake. Na dama ya tafi, na hagun ma likita bai yi mana alkawarin zai kai baɗi ba. Shekara arba'in yana noma gonar nan ta Kurfi, ita kuma so take ya gan ta daga sama ko sau ɗaya, tun yana gani.

Ta samu wani mai ƙaramin jirgi da ya yarda ya ba ta aro. Da ta je Abuja sai aka yi mata bayani cewa lasisin waje ba ya aiki a nan kai tsaye, sai hukumar jiragen sama ta tantance shi ta ba ta takardar amincewa. Ita takardar kuma ba ta tsayawa da ƙafarta: ranar da lasisin can ya ƙare, ko shaidar likitan da ke tare da shi, ranar ita ma ta daina aiki. To shaidar likitanta saura wata uku. Ta dawo gida ta shige ɗaki, ko tuwo ba ta ci ba. Washegari ta fito ta baje takardunta a tabarma, ta ce mini abu ɗaya kawai ya rage, wato wasiƙa daga hukumar can mai shaida cewa lasisinta na gaske ne. Ta riga ta nema ta waya. Don Allah ka je ofishin da ƙafarka, ka bi mata maganar. Sun ce da zarar ta iso, sauran ba zai daɗe ba.

Malam dai yana nuna shi bai damu ba, wai shi da ko mangwaro bai taɓa hawa ba. Amma shekaranjiya na tarar ya kai wa Ya'u tela sabon yadi. Da na tambaye shi, cewa ya yi mutum ba ya shiga jirgin 'yarsa da kayan gona.

Ka gaida Yasmin da yara. Hajiya Fatu da Naziru suna gaishe ku.

Taka yayarka,
Nana Fatima