Kek Ɗin Lemo a Ƙarƙashin Kabbasa

Anti Siddiƙa, don Allah ki taimake ni da shawara kafin baƙin ciki ya sa na faɗi abin da ya fi wanda na riga na faɗa. Bikin ƙanwata Mu'mina ya matso, gidanmu kuma ya zama kamar gidan makoki, kuma wai duk ni ce mai laifi. Ni da aka ɓata wa aiki, ni ake jira na durƙusa.

Bari na fara daga tushe. A unguwar Bulabulin muke, cikin Maiduguri. Mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, yayar babanmu, Hajja Yakaka, ita ta riƙe mu. Ban ce ba ta yi mana komai ba, ta yi. Amma Hajja mace ce da duniyarta kaf ba ta wuce kaskon turaren wuta ba. Tun kafin rana ta ɗaga ta hura gawayi. Labule hayaƙi, filo hayaƙi, darduma hayaƙi, kyanwar gidan ma idan ta gifta ƙamshin sandal take yi. A danginmu babu amaryar da aka taɓa kaiwa ɗakin miji ba tare da Hajja ta turara mata kaya ba, kuma da wannan take taƙama kamar wadda ta ƙera jirgi.

Ni kuwa kek nake toyawa. Ba irin wannan busasshen na gwangwanin madara da ake rabawa a suna ba, wanda sai ka kora da ruwa kafin ya wuce maƙogwaro. Ƙawata Hope ce ta koya mini tun muna makaranta, na kuma ƙara da nawa binciken. Lemon tsami nakan zaɓa da hannuna a kasuwa, mai santsin baya, na goge koren ɓawon kaɗai ban taɓa farin ba don kada ya yi ɗaci, na murza shi cikin sukari da yatsu har sukarin ya yi danshi. Ina yin na mangwaro da kwakwa, ina yin na abarba wanda ake jera ta a ƙasan gwangwani, idan an kife ta fito a sama tana sheƙi. A zafin garin nan, da wutar lantarkin da sai ta ga dama, wanda bai taɓa tsayawa gaban obin ba bai san abin da nake nufi ba. Ban taɓa wahalar da kaina wajen bai wa Hajja ba, domin na san ba za ta san darajarsa ba. Ita dai a ba ta nakiya da alkaki, sai ka ce an hana duniya ci gaba.

Da dangin ango, Hisham, suka sa ranar kawo lefe, sai na ce ni zan yi kek ɗin tukuici. Na so mutanen nan su san gidan da suka zo neman aure. Tun safe nake tsaye, na yi na lemo, na yi na mangwaro, na yi na abarba, duk suka tashi kamar a hoto. Tsakar gida cike da yara da ƙuda, sai na kwashe farantan da ɗuminsu na kai ɗakin Hajja, domin nan ne yara ba sa shiga, na tafi wanka da shiri.

Anti, kin san abin da na dawo na tarar? Kabbasa! Kwandon nan da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa tufafi su sha hayaƙi. Baiwar Allah ta jera kek ɗina a ƙarƙashinsa, ta rufe da bargo ruf, ta zauna a gefe tana jan carbi da fuskar wadda ta yi aikin lada. Hayaƙi na tsattsafowa ta ko'ina. Wai ba a fitar da abu daga gidanta zuwa gidan surukai gaya haka, ba ƙamshi, kamar kayan marayu. Har tana gaya mini, don na yi godiya, cewa kwalbar da ta haɗa tun bara ta ɓoye saboda kayan Mu'mina, ita ta buɗe ta ɗiba. Na gutsuri na lemon na kai baki, wallahi kamar na tauna gefen laffaya. Lemon ya gudu, mangwaro ya gudu, abin da ya rage sandal da kajiji. Wannan ai shi ne gyaran gangar auzinawa. Baƙi kuma sun riga sun yi sallama, babu lokacin sake wani, haka aka naɗe aka ba su.

Kafin a kwana biyu labari ya zaga. 'Yan matan gidan ango, waɗanda ko ƙwai ba su iya fasawa ba sai ɓawo ya faɗa ciki, suka sa mini suna mai kek ɗin humra. Ɗaya ta ce wai ta ci yanka guda ta yini tana gyatsar turare. Abin da ya fi ci mini rai ma, kakar angon ta aiko da yabo, wai ba ta taɓa cin kek mai daraja irin wannan ba, a yi mata irinsa ranar biki. Ki ji fa. Masu zagin ba su san kek ba, mai yabon ma ba ta san shi ba.

To ni ma mutum ce. Da yamma mata na zaune a tsakar gida ana ta maimaita zancen ana dariya, sai na faɗi gaskiya. Na ce hayaƙi ya daɗe da kashe hancin Hajja, ba ta bambance ƙamshin abinci da na tsumma, kuma da za a bar ta da tukunyar miya ita ma sai ta kifa mata kabbasa. Na ce ranar biki kada ta kusanci inda nake aiki. Ƙarya na yi? Hajja tana wurin, ta tashi ta shige ɗakinta. Washegari ta wanke kaskonta, ta ɗaure kabbasa ta rataye a bayan ƙofa, ta ce tunda hayaƙinta ɓarna yake yi, a nemi wata ta turara kayan Mu'mina. Tun ranar ba a sake hura gawayi a ɗakinta ba. Idan na gaishe ta takan amsa, amma irin amsar da ake yi wa mai tallan ruwa.

Yanzu Mu'mina kuka take yi, wai ita ce za ta zama ta farko a dangi da za a kai ba turaren Hajja, kuma surukanta za su shinshina su gane. Na ce mata masu sayar da turare sun cika gari, ta kalle ni kamar na zagi mamaci. Babanmu ya ce maganar mata ce, ya zame. Kowa ya zuba mini ido. Anti, mene ne laifina? Ni wa zai ba ni haƙuri? Yaya zan yi tsohuwar nan ta gane cewa kek ba zani ba ne?

Mai Kek Ɗin Lemo, Bulabulin

*

'Yata Mai Kek Ɗin Lemo,

Na karanta wasiƙarki, na yi dariya, sannan na daina. Bari na fara ba ki naki haƙƙin, don kada ki ce ni ma hayaƙi ya kashe mini hanci. A kan kek, gaskiyarki. Bota da mai suna zuƙe duk ƙamshin da ke kusa da su, balle kek mai ɗumi da bai gama hucewa ba. Ƙamshin lemo kuma a ɗan man da ke cikin ɓawonsa yake, ba shi da ƙarfin ja da sandal. An ɓata miki aikin yini guda, an kuma yi miki dariya a gidan da kika so ki burge. Da ciwo, ban raina ba.

Amma laifi tudu ne. Ke gwanar da ta san a goge kore a bar fari, ina gwanintar ta tafi lokacin da kika ɗauki kek da ɗuminsa kika kai ɗakin da kika ce kyanwa ma ƙamshi take yi? Ko Hajja ba ta taɓa kasko ba, labulen ɗakin kaɗai ya isa ya yi miki rabin ɓarnar. Kin ce mata kada ta taɓa? Ba ki ce ba. Kin taɓa zaunar da ita kin ba ta yanka guda ta ji yadda lemo yake a baki? Da kanki kika rubuta cewa ba ki taɓa ba, har kina alfahari da hakan. Kin hana mace ɗanɗana abu, sannan kin tsaya a tsakar gida kina mata gorin ba ta san shi ba. Karatun naki bai kai nan ba ke nan.

Kin cika wasiƙa da raini. Kin raina nakiya, kin raina 'yan matan gidan ango, kin raina kakar da ta yabe ki, kin raina hawayen ƙanwarki. Wanda ya rage ba ki raina ba Hope ce kawai da lemon tsami. Cikin wannan rainin kika wuce ta kan magana mafi nauyi a wasiƙarki ba ki gan ta ba. Ke 'yar Barno ce, kin fi ni sanin abin da ake kifa wa kabbasa. Ba a turara tsumman goge-goge. Abin da ake ji da shi ake turarawa. Matar nan ta haɗa turare tun bara, ta hana kanta, ta ɓoye wa amarya, sai ta ga aikin hannunki ta ce ya isa a buɗe masa kwalbar. Ba ta san kek ba, na yarda. Amma ta ɗauke shi a matsayin da take ɗaukar kayan amarya, kuma ban ga wanda ya girmama shi haka ba a duk labarinki. Ladan da ta samu shi ne a ce hancinta ya mutu, a gaban matan da suka girma suna jin nauyinta.

Ga shawarata. A gaban mutane kika yi, a gabansu za ki gyara. Ki bari matan nan su taru kamar yadda suka taru ranar, ki durƙusa ki ce kin yi kuskure, ba tare da kin liƙa masa wani "amma" a wutsiya ba. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle wadda ta goye ki. Kada ki jira ta ba ki haƙuri, ta riga ta biya nata da kwalbarta.

Bayan haka ki toya ɗan ƙaramin na lemo a gidan Hope, ki bar shi ya huce sarai a can, ki rufe a roba mai murfi, ki kai mata da shayi. Ki ba ta ɓawon lemon ta murza ta shinshina. Mai haɗa turare ta fi ki sanin cewa wani ƙamshin yana danne wani, ba sai kin yi mata lacca ba.

Ranar biki kuma kowa da fagensa. Kek ya huce nesa da ɗakinta, a naɗe a leda, a rufe. Ita kuma ki ba ta ƙyallen da za a lulluɓe kwandunan da shi ta turara yadda ranta yake so, a yafa lokacin fita. Kaya ya fita da ƙamshin gidanku, lemonki ya isa lafiya. Kakar ango kuwa kada ki ciyar da ita hayaƙi, ba abinci ba ne. Ki yi mata na dabino da citta da kanumfari, za ta samu nauyin da take so. 'Yan matan da suka sa miki suna ki ƙyale su, yanka ɗaya na abarba zai rufe musu baki.

Kada ki roƙe ta a kan kayan Mu'mina tukuna, za ta ce don biki kika zo. Ki ɗauko mayafinki, wanda kika fi so, ki hura gawayin da hannunki, ki sauko da kabbasar daga bayan ƙofa, ki ce ta turara miki. Masu sayar da turare sun cika gari kamar yadda kika faɗa, amma akwai ranar da za ki buɗe akwati ki ɗauko tsohon zani ki kai hanci kina neman wannan ƙamshin, ki zaga duk kasuwannin Maiduguri ba ki same shi ba. Tun tana nan, ki je.

Allah Ya huci zuciyar Hajja, Ya sanya albarka a auren Mu'mina, Ya kuma bar miki hannunki mai daɗi, Ya sassauta harshen.

Anti Siddiƙa