Daga Dama Ake Buɗe Shi

Yaya,

Na tafi aiki, ban so in tashe ka ba. Jiya ka ce manga ɗin mai haƙa kabarin nan, wato littafin zanen Japan, shirme ne, wai an kashe jarumin tun shafin farko. Ai ƙarshen ka karanta. Littafin zanen Japan daga dama ake buɗe shi, kamar na Larabci.

Yana nan kusa da maganinka, tare da na likitar da ke ɓoye gawa. Su na fi so, za su rage maka zaman jinya. Akwai jini sosai, ka ɓoye su kafin yara su dawo, kar Anti ta cinye ni ɗanya.

Ka riga ka san zai mutu. Yanzu karanta ka ga abin da ya sa ni kuka.

Autarku