Talabijin Ɗaya a Kulob ɗin Skelbeck

Skelbeck, farkon Nuwamba

Zuwa ga Mamata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki da sanyin bakin tekun Whitby? Ki gaida mini Anti Beryl, Allah ya saka mata da ɗawainiyar da take yi da ke.

Mama, albishirinki. An kira Bryony Sugden cikin tawagar matan Ingila da za ta je Indiya buga wasan kurket! Kin tuna ta, yarinyar nan mai jan gashi da na tsinta a bayan makarantarmu tana jifar gwangwani da dutse. Ni na fara ɗora yatsunta a kan ɗinkin ƙwallo, na koya mata murza ta har ta karkace bayan ta taɓa ƙasa. Ina cikin koyar da lissafi labarin ya iso. Na rufe littafi, na ce wa yara yau darasinmu taswirar Indiya.

Murnar ba ta je ko'ina ba. A makon aka kira Rowan Hebden, yaron da Yaya Desmond ya horar, cikin tawagar maza zuwa Afirka ta Kudu. Jaridar gari ta sa ɗanki Desmond a shafin farko, ya dafa kafaɗar yaron yana wannan murmushin nasa da kika sani. Bryony kuwa an cusa ta a ƙasan tallan taya. Na shiga wurin mai nama, ya gama yabon Yaya tas, sannan ya tambaye ni wai su ma matan da ƙwallo mai tauri suke bugawa? Na fito ban sayi komai ba.

Ga inda rigimar take. Wasan farko na maza da na mata duk ranar Asabar ɗaya suka faɗo, da safe, kuma talabijin ɗaya ce a ɗakin kulob ɗinmu na kurket. Da na ta da maganar, Yaya ko ɗago kai bai yi daga man da yake shafa wa sandar bugu ba. Ya ce, "Haba Auta, wannan har abin musu ne? Kwashi 'yan matanki ku kalla a falonki, zan aiko muku da biskit."

Ba biskit nake so ba, Mama. So nake yaran da nake horarwa su ga an miƙa wa Bryony hular ƙasa, wadda ake ba ɗan wasa ranar da ya fara buga wa ƙasarsa, a ɗakin nan da hotunan maza kaɗai suka cika bangonsa.

Taki har kullum,
Glenys

Skelbeck, tsakiyar Nuwamba

Mamata,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan sabon maganin ya karɓe ki. Na ji Yaya ya riga ni bugo miki waya. Kada ki yanke hukunci sai kin ji nawa.

Kin fi kowa sanin ba a wasa a Skelbeck sai da shayin tsakiyar wasa, ke da kika tsufa kina yanka burodi a kicin ɗin nan. To, gida gida na bi matan shayi. Ranar taron kwamiti Madam Pickersgill, wadda ta gaje ki a kicin, ta shigo da tawul a kafaɗa, ta ce, "Ko ku kunna mana Bryony, ko bazara mai zuwa ku ci ciyawar filin. Kai Norman, rufe bakinka, kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa." Norman fa shi ne shugaba! Aka kaɗa ƙuri'a, mazan nan suka tuna kek ɗinta, hannuwa suka tashi.

Yaya bai yi musu ba. Ya ɗauki hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kin ci, Auta. Amma kin tabbata za a sa ta? Ba a faɗin 'yan wasa sai an jefa kwabon fara wasa." Na ce masa ƙyashi ke cin sa. Wa zai ɗauki yarinya irin wannan har Indiya ya ajiye ta a benci?

Tun ranar nake jin kaina kamar na ƙara tsawo. Yarana suna ta fentin kyalle da sunanta.

'Yarki mai ƙaunarki,
Glenys

Skelbeck, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Anti. Ni lafiyata ƙalau, in ban da abin da zan gaya miki.

Ɗakin ya cika maƙil ranar Asabar. Yarana suka zauna a gaba da kyallensu, maza a baya da gasasshen burodi da wake. Aka jefa kwabo a Indiya, aka jero sunaye a talabijin. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake karantawa. Babu Bryony. Can aka nuno ta a gefen fili, sanye da rigar masu kai ruwa.

Ƙaramar cikin yarana, Posy, ta juyo ta ce, "Malama, yaushe za a ba ta hular?" Na mai da idona kan talabijin.

Babu wanda ya yi mini gori, da ma sun yi. Mazan suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wurin ajiye motoci, inda Yaya ke zaune cikin motarsa yana sauraron wasan Rowan a rediyo, ana ta yayyafi. Madam Pickersgill ta raɗa mini, "Glenys, canza musu mana, tamu ba ta ciki." Na ƙanƙame rimot ɗin a cinyata. Ban san me ya hana ni ba. Ƙarya nake, na sani.

Rana ta gota sai muka ji hon, ana dannawa ba ƙaƙƙautawa. Rowan ya ci maki ɗari a wasansa na farko. Ya cire hular kwano, ya ɗaga sandarsa sama, duniya ta gani. Mutumin da ya jefa masa ƙwallo tun yana ɗan firit bai gani ba.

Yaya ya shigo a jiƙe, idonsa ja. Na miƙe na shirya jin duk abin da zai faɗa. Daidai nan aka tsaya shan ruwa a Indiya, sai ga Bryony ta sheƙo cikin fili da gorunan ruwa a hannu. Ya kalli talabijin, ya kalli yarana da suka yi jugum, ya ce, "Kai, me kuke zaune? Ku tashi mana! Ga 'yar Skelbeck a filin ƙasa da ƙasa!" Ya fara tafi. Ɗakin duka ya miƙe, har Norman. Yara suka ɗaga kyalle suna ihu kamar ta fitar da masu bugu biyar daga wasa. Ya durƙusa a tsakiyarsu yana ba su labarin manyan 'yan wasan da suka fara da kai ruwa. Ni ina tsaye da rimot.

Bai ce mini komai ba har yau, sai ma ya aiko da biskit ɗin. Jiya sababbin yara mata suka zo atisaye, abin da na daɗe ina roƙo. Tambayarsu ta farko, wai Malam Desmond zai zo?

Mama, na raba shi da abin da ya fi so ya gani a rayuwarsa, kuma ko a wannan sai da ya fi ni. Zan ba shi haƙuri, na yi miki alkawari. Roƙona ɗaya: idan mun zo Kirsimeti, ki yabe shi yadda kike so, amma ki bari sai na shiga kicin.

Taki, ko da kin fi son sa,
Glenys